Maganin Ido Daga Husufin Rana

A shekarar 1945 aka yi husufi a Turai. Waɗansu suka ƙura wa rana ido, ta ƙona musu tantanin gani na can ciki. Da wani likita Bajamushe, Meyer-Schwickerath, ya ga tabon, sai ya gane haske yana iya yin lalas. A 1949 ya yi wa majiyyaci aiki da hasken rana. Daga baya aka sami hasken leza.

Ciwon sukari yakan sa jijiyoyin tantanin nan yoyo, ya kumbura, gani ya dushe. A 1985 binciken likitocin Amurka ya nuna leza tana rage wannan haɗari da rabi. A 2012 Amurka ta amince da allurar Lucentis, wadda ake yi cikin ƙwayar ido don tsai da yoyon. Mai sukari dai ya kai idonsa a duba tun bai fara ganin hazo ba.