Daga Ɗakin Tiyata Zuwa Ƙauye: Tarihin Binciken Zaizayar Baki a Arewa

Tungan Magajiya, da ke ƙaramar hukumar Rijau a masarautar Kontagora, gari ne da ya daɗe da suna wajen aikin asibiti. 'Yan mishan na United Missionary Society ne suka kafa asibitin garin kafin ya koma hannun gwamnati, kuma jihar Neja tana da makarantar horar da ma'aikatan lafiya a can. A asibiti irin wannan, larurar kunne da hanci da maƙogwaro ba baƙuwa ba ce: kunne mai zubar da mugunya, ƙwayar masarar da yaro ya cusa a hanci, maƙoƙo, jaririn da jini ya ƙi tsaya masa bayan wanzami ya cire masa belu. Amma cikin cututtukan kai da wuya, wadda ta fi jawo masu bincike zuwa shiyyar Arewa maso Yamma ita ce zaizayar baki, wadda likitoci ke kira noma, mutanen karkara da dama kuma suna ce mata ciwon iska.

Yara 'yan shekara 2 zuwa 6 ta fi kamawa, musamman waɗanda yunwa ta ci jikinsu, ko suka tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Da ɗan gyambo a dasashi take farawa, sai baki ya yi ɗoyi, kunci ya kumbura, cikin kwanaki kaɗan nama ya yi baƙi ya zube, wani lokaci har da ƙashi da haƙora. In ba a yi magani ba, kusan 9 cikin 10 ba sa kai labari. Wanda ya sha da ƙyar kuma yakan tashi da rami a fuska da muƙamuƙin da ya daskare, baki ba ya buɗuwa.

Rubutaccen bincike a Najeriya daga Badun ya taso. A 1966 wani likitan gyaran fuska ɗan Ingila, Michael Tempest, ya wallafa bayanin yara 250 da aka gani a asibitin koyarwa na birnin. Ya nuna cewa ƙyanda ce ta fi share wa cutar hanya, kuma idan aka ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta tare da abinci mai gina jiki, mutuwa takan ragu zuwa ƙasa da 1 cikin 10. A 1972 Cyril Enwonwu ya ɗora a kai da binciken da ya kwatanta yaran masu hali da yaran talakawan ƙauye: gyambon dasashin da ke gabatar cutar ya yi yawa a ƙauye, a gidajen masu hali kuwa da wuya a gan shi. Turai ma ta sha fama da ita, ta ɓace da abinci da tsabta suka wadata, sannan ta sake ɓulla a sansanonin 'yan Nazi irin su Auschwitz da Bergen-Belsen.

A Arewa, sashen tiyatar baki da muƙamuƙi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kaduna ne ya riƙe aikin shekara da shekaru. Daga can E. O. Adekeye da R. A. Ord suka fitar da ƙa'idojin gyaran fuskar masu wannan cuta a 1983, bisa abin da hannunsu ya taɓa a ɗakin tiyata.

Sakkwato ce ta sauya girman aikin. Daga 1996 ayarin likitoci daga Jamus da Holan suka riƙa zuwa suna tiyata na 'yan makonni, a 1999 kuma aka buɗe asibitin yara na musamman domin wannan cuta, da tallafin gidauniyar AWD ta Jamus. Duk wanda ya yi aiki a irin wannan ɗaki ya san cewa wahalar ba daga wuƙa take farawa ba, daga mai sa barci take farawa. Bakin da ba ya buɗuwa ba a iya zura masa bututun numfashi yadda aka saba, dole a bi ta hanci da siririn madubi mai lanƙwasa. Bayan nan a saki tabon da ya ɗaure muƙamuƙi, a yanke ƙashin da ya manne, a nemo fatar da za ta rufe ramin ciki da waje. Ana ɗauko ta daga goshi, ko ƙirji, ko ƙasan haɓa, ko hannu, tare da jijiyar da ke kai mata jini. Fatar da aka ɗinka ba tare da hanyar jini ba tamkar dashen da aka tsinke wa saiwa ce. Kuma ko an yi nasara, sai an yi watanni ana motsa muƙamuƙin kullum, in ba haka ba ya koma gidan jiya.

Da yake kowane ayari da irin hannunsa, aka buƙaci ma'auni ɗaya na bayyana ɓarnar. Likitan Holan Klaas Marck da abokan aikinsa suka tsara wanda ake kira NOITULP, inda ake ba hanci, kunci ta waje da ta ciki, leɓen sama da na ƙasa da daskarewar muƙamuƙi maki ɗaya bayan ɗaya. Da shi likitan da ya zo bana yake iya gane abin da na bara ya tarar.

Tambayar da ta gagari ɗakin tiyata ita ce yawan masu kamuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta sababbin kamu 140,000 a shekara tun 1998, amma galibin yaran a gida suke mutuwa, babu mai rubuta sunansu. A 2003 Alexander Fieger da abokan aikinsa suka yi wata dabara. An riga an san gwargwadon jariran da ake haifa da tsagaggen leɓe, kuma su ma asibitin Sakkwato suke zuwa. Sai aka auna yawansu da na masu zaizayar baki 378 da aka karɓa daga 1996 zuwa 2001, aka sa lissafin waɗanda suka mutu kafin su iso, aka samu kimanin yara 6.4 cikin kowane 1,000 a yankin.

Farautar ƙwayar da ke haddasa ta kuwa ba ta ƙare yadda aka zata ba. A ƙarshen shekarun 1990, Enwonwu da William Falkler sun samo wata ƙwaya mai suna Fusobacterium necrophorum a bakin wasu yaran, wadda aka fi sani a jikin dabbobi, aka fara zargin kwana kusa da tumaki da awaki. Sai ƙungiyar GESNOMA ta birnin Geneva ta yi dogon bincike a Damagaram daga 2001 zuwa 2006, tana kwatanta yara 82 masu cutar da takwarorinsu 327 masu lafiya. Sakamakon da ya fito a 2013 bai kama ƙwaya guda da laifi ba. Abin da ya bayyana shi ne tamowa mai tsanani, gudawa ko ciwon ƙirji na kwanan nan, uwa mai haihuwa da yawa, da rikicewar ƙwayoyin da dama can suke zaune a baki.

Wannan ya karkatar da hankalin masu bincike daga asibiti zuwa gida. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara tallafa wa asibitin Sakkwato a 2014, a 2018 kuma Elise Farley da tawagarta suka bi ƙauyukan jihohin Sakkwato da Kebbi suna duba bakin yara. Sun tarar da alamun cutar ga kimanin 3 cikin 100, mafi yawansu a matakin farko, inda amoxicillin da metronidazole da wankin baki da abinci mai kyau suke wadatarwa. Sun kuma zauna da masu maganin gargajiya, waɗanda iyaye kan fara kai wa yaro, suka same su a shirye su riƙa tura marasa lafiya asibiti. Tun daga nan ma'aikacin ƙaramin asibitin ƙauye, wanda zai ɗaga leɓen yaro ya duba dasashi bayan ƙyanda, ya shiga sahun gaba a wannan fanni.

A Janairun 2023 Najeriya ta jagoranci ƙasashe wajen miƙa buƙata ga Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ranar 15 ga Disamba na shekarar aka sa zaizayar baki cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su. Waɗanda suka tsira daga cutar ma sun shiga maganar da bakinsu, ta ƙungiyar Elysium da Mulikat Okanlawon, ma'aikaciya a asibitin Sakkwato, ta kafa tare da Fidel Strub. Aikin da ke gaban masu bincike yanzu iri biyu ne: gano abin da ke sa gyambon dasashi ya tsaya a bakin yara da yawa amma ya zarce ya ci fuskar wasu kaɗan, da bin sawun waɗanda aka yi wa tiyata har garuruwansu, a auna ko bakin da aka buɗe yana nan a buɗe bayan shekaru.