Atamfar Holan da Sunan da ke Bakin Zani

Atamfar da mata ke kira Holan ta ci sunan ƙasar da ake buga ta ne, amma asalin fasaharta na tsibirin Java ne, a Indonesiya ta yau. Mutanen Java sukan zana ado a farin ƙyalle da narkakken kaki, su tsoma shi a rini, duk inda kakin ya rufe rini ba ya kamawa. Aikin hannu ne mai cin rai, sunansa batik. A ƙarni na 19, lokacin da Holan ke mulkin Java, masana'antunta suka shiga kwaikwayon aikin da inji don su sayar wa mutanen tsibirin da araha. Cikinsu har da wadda Pieter Fentener van Vlissingen ya saya a garin Helmond a 1846, wadda ta zama Vlisco.

Mutanen Java ba su yi na'am da aikin inji ba. Ƙaron da aka sa a madadin kaki yakan tsattsage, rini ya kutsa ya bar 'yan jijiyoyi da ɗige-ɗige, su kuma suka ɗauki wannan aibi ne. A gaɓar Afirka ta Yamma kuwa, tabon nan shi ya zama abin so. Wani ɗan kasuwar Sikotilan mai suna Ebenezer Brown Fleming ne ya shahara da kai irin wannan zani Gold Coast, wato Ghana, a ƙarshen ƙarnin, daga nan ya bazu zuwa sauran kasuwannin gaɓa.

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce ga sayen tufa saboda sunan inda aka yi ta. Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya tarar saƙa da rini su ne jigon arzikin birnin, kayansu na tsallaka Sahara. Baƙin rawani mai sheƙi kuwa har yau ɗan Kura ake ce masa, don garin da ya yi fice wajen rininsa da bugunsa. Saboda haka da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa irin su John Holt, daga baya kuma UAC, suka buɗe kantuna, sai aka auna zannuwansu da tsohon ma'auni: daga ina ya fito, yana zuba ko ba ya zuba.

A hankali aka yi wa atamfa hawa-hawa. Akwai Ingila, ta kamfanin ABC da ya yi masana'antarsa kusa da Manchester. Akwai Kwadebuwa, ta Uniwax a Abijan, wanda shi ma ya kasance ƙarƙashin Vlisco. Akwai Holan, sai kuma Sufa, wadda Vlisco ya fitar a 1973 da zare mai laushi da ƙarin launi, ta hau kan kowa. Kowace tana da sunanta a buge a bakin zani, kuma nan ne idon mai saye ke fara sauka. Lefe ne ya ƙara wa wannan tsari ƙarfi. Ranar da aka kawo akwatuna, dangin amarya sukan ɗaga kaya turmi-turmi, a ƙirga Sufa nawa, Holan nawa, ƙananan atamfofi nawa, kuma da wannan lissafin ake yanke wa ango hukuncin ya yi ƙoƙari ko bai yi ba. Ba wadda take jiran a wanke zanin tukuna ta ga halinsa.

Tsadar babbar atamfa tana da dalili a cikin aikin kansa. Ana buga ƙaro a fuskokin ƙyallen biyu, a tsoma shi a rini, a kakkarya ƙaron a wanke, sannan a bi da sauran launuka ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa ciki da bayan zanin suke kusan ɗaya, ya kuma daɗe bai koɗe ba. Ƙaramar atamfa fuska ɗaya ake buga mata launi, juyawa ɗaya ake yi a gane ta. Babbar atamfa har ajiya ce, domin mace takan adana turmi a akwati shekaru, ranar matsi ta ba dillaliya ta sayar mata.

Najeriya ta taɓa yin tata. Masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957, UNTL ta biyo baya a 1964, ga kuma Nichemtex a Legas, wadda atamfarta ta zama ta yau da kullum a gidaje da yawa. Rashin wuta, tsadar baƙin mai da fasa-ƙwauri suka durƙusar da su. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL a 2007. Kayan Sin ne suka cike gurbin. Wasu, irin su Hitarget, da sunansu suke zuwa, wasu kuwa sukan kwafi zane da tambari har da rubutun bakin zani, ta yadda a kasuwar Kantin Kwari ta Kano sai wanda ya san taɓin ƙyalle yake rabe asali da jabu.

Wannan ya raba kuɗin atamfa gida biyu. Kaso ɗaya na zare ne da rini, kuma wanki yana tabbatar da shi. Ɗaya kason na suna ne, amfaninsa a wurin biki da ranar ganin lefe yake. Mai sayen Sufa ta asali tana biyan duka biyun, ta samu duka biyun. Wadda aka sayar wa jabu a farashin asali kuwa kuɗin suna kaɗai ta biya, zanin ma tun wankin farko zai fara zuba.