Tarihin rububin layin farko a Google

Idan aka ba ɗan kwaleji ko ɗan lise aikin bincike a yau, da wuya ya nufi ɗakin karatu. Salula zai ɗauka, ya rubuta tambayarsa a Google, ya kwafe abin da ya fito a layin farko. A ganinsa, abin da ya hau sama shi ne ya fi inganci, wanda ke ɗauke da kwanan watan jiya kuma ya fi na bara. Manya da dama ma haka suka ɗauka. Alhali wannan layin farko fage ne da aka yi kusan shekara talatin ana kokawa a kansa, don wanda ya hau shi ne ke samun masu karatu, masu karatu kuma su ke jawo kuɗin talla. Ya kamata malamai da uwaye su san yadda kokawar ta faro, don su gane abin da ɗiyanmu suke kwasowa.

Injinan bincike na farko, irin su AltaVista da aka buɗe a Amurka a ƙarshen 1995, ƙidayar kalmomi suka fi dogara da ita. Shafin da ya fi ambaton kalmar da kake nema shi ke zuwa gaba. Masu shafuka ba su daɗe ba suka gane haka. Wani sai ya jera kalma guda sau ɗari a ƙasan shafinsa, ya rubuta ta da farin launi a kan farin fili, yadda idon mutum ba zai gani ba amma inji zai ƙirga.

A watan Satumba na 1998, wasu ɗalibai biyu na jami'ar Stanford, Larry Page da Sergey Brin, suka kafa Google da wani ma'auni na dabam. Su mahaɗai suke ƙirgawa, wato sau nawa wasu shafuka suka nuna hanyar zuwa naka, kamar yadda ake gane ƙwararren maɗinki daga yawan masu tura mutane wurinsa. Da kiɗa ya sauya, rawa ma ta sauya: aka buɗe kasuwar saye da sayar da mahaɗai. Har manyan kamfanoni sun faɗa cikin dabarun ruɗin inji. A watan Fabrairu na 2006, Google ya cire shafin kamfanin motoci na BMW na ƙasar Jamus daga jerinsa na ɗan lokaci, saboda yana nuna wa inji wani rubutu, yana nuna wa mutane wani.

Maganar sabon rubutu ta shigo ne daga baya, kuma da dalili mai kyau. Wanda ke neman sakamakon zaɓe ko wasan ƙwallo, labarin yau yake so. A 2007 wani babban injiniyan Google, Amit Singhal, ya bayyana wa jaridar New York Times cewa suna da hanyar gane tambayar da ke bukatar sabon bayani. A watan Yuni na 2010 kamfanin ya kammala wani tsari mai suna Caffeine, wanda ke shigar da sababbin shafuka cikin jerin da sauri fiye da da. Masu neman kuɗin talla suka fahimci abu guda: a yi ta zubo rubutu, da yawa, da sauri, da arha.

Babu wanda ya kai kamfanin Demand Media na Kalifoniya ƙwarewa a wannan sana'a. An kafa shi a 2006, shi ne kuma mai shafin eHow a lokacin. Mujallar Wired ta bayyana yadda yake aiki a 2009. Kwamfuta ce ke duba abin da mutane suke tambaya da kuɗin tallar da kowace tambaya za ta iya kawowa, sannan ta fitar da take. Sai a miƙa taken ga duk marubucin da ya karɓa, a biya shi wajen dalar Amurka 15, kusan jika bakwai a canjin lokacin. A rana guda kamfanin kan fitar da rubutu da bidiyo kimanin 4,000. Wanda za a biya jika bakwai dole ya yi sauri ya kama wani taken, ko ya san abin da yake rubutawa ko bai sani ba. Amurkawa suka laƙaba wa irin waɗannan kamfanoni sunan gonakin rubutu. A watan Janairu na 2011 Demand Media ya shiga kasuwar hannun jari ta New York, darajarsa ta haura dalar Amurka biliyan ɗaya.

Wata guda kacal bayan nan, a Fabrairun 2011, Google ya sauya ma'auninsa da wani gyara da aka sa wa suna Panda, wanda ya ce ya taɓa kusan kashi 12 cikin 100 na binciken da ake yi a Amurka. Shafuka masu rubutu mara nauyi suka gangaro ƙasa, eHow ya yi asarar masu karatu da yawa, hannun jarin kamfanin ya karye. A watan Mayu Google ya fitar da tambayoyi 23 da mai shafi zai auna kansa da su. Kusan duk malamin da ke gyaran takardu ya san su: shin wanda ya san fannin ne ya rubuta, akwai kurakuran rubutu, an kawo wani abu sabo ko maimaici ne kawai.

Duk da haka rububin bai ƙare ba. A Nuwamban 2011 aka ƙara wa sabon rubutu nauyi, a wani gyaran da Google ya ce ya shafi kimanin kashi 35 cikin 100 na bincike. Sai wata dabara ta yaɗu: a ɗauko tsohon rubutu, a sauya jimla biyu, a manna masa kwanan watan yau. Mai salati a kasuwa ma yakan yayyafa wa ganyen jiya ruwa. Dabarar ta yi yawa har jagorar da Google ke ba masu shafuka ta ambace ta cikin abubuwan da ya kamata a guje wa.

Daga ƙarshen Nuwamban 2022, da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT, ko jika bakwai ɗin ba sai an biya ba. A farkon 2023 aka gano shafin labaran fasaha na CNET ya wallafa rubuce-rubuce 77 da inji ya tsara, daga baya ya yi gyara a 41 daga cikinsu. A watan Maris na 2024 Google ya kafa doka a kan tara rubutu barkatai don hawa jeri kawai, ko mutum ne ya rubuta ko inji.

Mu a nan abin ya shafe mu ta fuska biyu. Ɗiyanmu a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai da Faransanci suka fi yin bincike, kuma gonakin rubutu ba su bar Faransanci ba. A Hausa kuwa rubutun da ke intanet kaɗan ne, shi ya sa shafin da inji ya fassara, babu wanda ya duba, kan iya hawa sama don ba shi da abokin takara. Tun Disamban 2013 manhajar fassara ta Google take da Hausa.

Abin da tarihin nan ya nuna, duk sa'ad da aka san ma'auni, sai a samu masu rubutu don ma'aunin, kamar ɗalibin da ya haddace amsoshin BEPC na shekarun baya bai fahimci darasin ba. Saboda haka idan yaro ya kawo aiki, mu tambaye shi wa ya rubuta abin da ya kwafo, mene ne sana'arsa, kuma daga ina ya samo. Mu sa shi ya buɗe shafi na biyu da na uku, ya gwada su da littafin aji. Mu koya masa raba tambayoyi gida biyu. Farashin tiyar hatsi ko ranar jarrabawa suna son bayanin yau. Tarihin Sarauniya Mangu ko ƙa'idar lissafi kuwa, kwanan watan jiya ba ya ƙara musu komai, sau da yawa ma da tsohuwar zuma ake magani. Uban da bai yi lakwal ba shi ma yana iya tambayar ɗansa: «Wa ya faɗa?» In yaron ya kasa ba da amsa, aikin bai ƙare ba tukuna.