Mushen Raƙumi a Bangon Paris

A gidan tarihi na Orsay da ke birnin Paris akwai wani zane da Gustave Guillaumet ya kammala a 1867, ya raɗa masa suna Sahara. Ba komai a gabansa sai mushen raƙumi da ya ƙeƙashe. Bayansa fili ne fetal har inda ƙasa ta haɗu da sama, can nesa kuma wata inuwa, ba a tantance ko ayari ne ko kawalwalniya.

Guillaumet ya yi karatu ne a babbar makarantar zane ta gwamnati, inda ake fifita zanen tarihi a kan zanen daji da sarari. Mai neman suna a zamanin sai ya kai aikinsa bajekolin Paris da ake kira Salon. Tun da Faransa ta ci birnin Aljiyas a 1830, hamada ta zama haja mai tafiya a wannan kasuwa. Shi kuwa ya fara taka Aljeriya a 1862, ya yi ta komawa.

Gwanintarsa ba abin gardama ba ce. Abin dubawa shi ne darasin da zanen ya koya wa Bafaranshe: wai Sahara kufai ce, ba mai ita sai ajali. Alhali a shekarun nan fataken Gadamas na ratsa Gat da Azbin zuwa Damagaram da Kano, ayarin gishiri na tafiya Bilma kowace kaka da dubban raƙuma. Kowace rijiya da sunanta da masu ita, kowace hanya da madugunta da kuɗin fitonta. Ƙasar da aka nuna ba ta da mai ita, ƙwace ta ba ya kama da sata a idon mai kallo. Sojan Faransa sun shiga Damagaram a 1899.

Sai dai a yi masa adalci. Shi ne ya zana makiyaya suna sallar magariba a 1863, wasu a tsaye wasu a sujada, ba izgili a ciki. Shi ne kuma ya kai Salon na 1869 zanen yunwar da ta hallaka ɗimbin mutanen Aljeriya tsakanin 1866 da 1868, a ƙarƙashin mulkin ƙasarsa. Wannan zanen ba ya Paris. Ya yi shekaru a naɗe a ɗakin ajiya a birnin Kusantina na Aljeriya kafin a gyara shi.