Motocin Wasa na Zubi

Motocin wasa na zubi su ne ƙananan motocin da ake narka tutiya haɗe da wasu ƙarafa, a zuba cikin mazubi, su fito da siffar motar gaske. Kamfanin Meccano na Liverpool, a Ingila, ya fara fitar da Dinky Toys a 1934, sa'an nan Matchbox ta biyo a 1953, Corgi a 1956, Hot Wheels ta Amurka kuwa a 1968.

Masu tara su, waɗanda galibinsu manya ne, ba sa yanke wa mota ƙima sai sun duba ko fentinta na asali ne, ko tayoyinta sun cika, ko tana cikin kwalinta na farko, domin wadda aka sake wa fenti, komai kyanta, darajarta ta faɗi. Wasu motocin farkon zamani har tsattsagewa suke yi, saboda dalma da ta gurɓata tutiyar.

A ƙasar Daura kuwa, al'adar yara ita ce ƙera motar kara bayan girbin dawa, ko ta langa-langa mai tayoyin tsohon silifa, wadda ba a ajiye ta, sai dai a ja ta har ta wargaje.