Iyakar Shaidar Ɓera a Binciken Zazzaɓin Cizon Sauro

Ƙwayar Plasmodium falciparum, wadda ke kashe mana yara, ba ta kama ɓeran ɗakin gwaji. Shi ya sa masu bincike suka koma ga danginta, musamman P. berghei, wadda Vincke da Lips suka gano a 1948 a jikin ɓerayen daji a Katanga, ƙasar Kwango. A ganina, shaidar ɓera ba ta da nauyi sai inda ƙwayoyin biyu suka yi tarayya a furotin ɗin da garkuwar jiki ke farauta.

A 1967 Ruth Nussenzweig da abokan aikinta a Jami'ar New York suka ciro ƙwayoyin berghei daga jikin sauro, suka raunana su da hasken eksire, suka yi wa ɓeraye allurarsu. Da aka sa musu lafiyayyun ƙwayoyi daga baya, da yawa ba su kamu ba. Zuwa 1980 an gane abin da garkuwar ke cafkewa: furotin CSP, wanda ya lulluɓe ƙwayar kafin ta shige hanta. Falciparum ma tana da nata CSP. A kansa aka gina rigakafin RTS,S da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2021, da R21 da aka fara yi wa yara a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024.

Zazzaɓin da ke taɓa ƙwaƙwalwa kuwa, labarinsa daban ne. Ɓera irin C57BL/6 da aka sa wa berghei nau'in ANKA yakan suma cikin mako guda ko makamancin haka, amma in aka kawar masa da ƙwayoyin garkuwa na CD8, suman ba ya zuwa. A jikin yaro, jajayen ƙwayoyin jini da cutar ta shiga ne ke manne wa jijiyoyin ƙwaƙwalwa ta hanyar furotin PfEMP1, wanda falciparum ke da kusan iri 60 nasa, tana sauyawa kamar mai sauya riga. Ƙwayoyin cutar da ke kama ɓera ba su da shi sam. Magunguna barkatai sun ceci ɓeraye, a gadon asibiti suka gaza, abin da Nicholas White da abokansa suka yi kakkausar suka a kai a 2010. A shekarar ce kuma babban gwaji a Afirka ya nuna cewa artesunate, mai kashe ƙwayar kanta, ya fi kwinin rage mutuwar yara.

Ban ce a sallami ɓera ba. Binciken gawarwakin yaran da zazzaɓin ya kashe a Malawi ya samu CD8 a jijiyoyin ƙwaƙwalwarsu. Amma duk mai neman a gwada maganin da ya ceci ɓera a kan yara, ya fara nuna mana furotin ɗin a jikin falciparum.