Daga Danfa zuwa Newcastle: yadda aka fara ƙirga ɓarnar shan inna

A shekarar 1977 mujallar likitocin Birtaniya ta buga wani bincike daga Gana wanda ya sa masana suka sake tunani. Kafin nan, da yawansu na ganin shan inna ba ta da ƙarfi a ƙasashe masu zafi, tunda ba a cika jin annobarta ba. Dokta Samuel Ofosu-Amaah da abokan aikinsa suka bi ƙauyukan Danfa, kusa da Akra, suna duba yara masu ɗingishi. Sai ga kusan bakwai cikin kowane dubu na yara masu shekarun makaranta cutar ta nakasa.

Tsaran waɗannan yara su ne manyan yau a unguwannin Gana irin su Kwadaso da Aboabo da Sabon Zango. Wani ya shekara arba'in yana taka keken ɗinki da ƙafar da kowa ke cewa lafiyayya, sai ga ta tana gaza ɗaukarsa a tsayuwar salla. Dangi su ce tsufa ne. Sau da yawa ba tsufa kaɗai ba ne.

Kowace ƙwayar jijiyar motsi da ke cikin laka tana da nata rukunin zaren tsoka da take motsawa, abin da Charles Sherrington ya bayyana a 1925. Shan inna kan kashe wasu ƙwayoyin. Waɗanda suka tsira sai su fitar da rassa su riƙe zaren da aka bari, kamar kawun da ya tattara marayun 'yan'uwansa a kan nasa iyali. Shi ya sa likita zai iya gwada ƙarfin ƙafa da hannu ya same ta daidai, alhali wajen rabin ƙwayoyin sun tafi.

Wanda ya fara ƙirga su a jikin mai rai shi ne Alan McComas, a Newcastle ta Ingila, a 1971. Ya zaɓi wata 'yar tsoka a bayan ƙafa, ya riƙa tura wa jijiyarta lantarki kaɗan-kaɗan. Duk sanda ya ƙara, amsar tsokar sai ta yi tsalle mataki guda, alamar wani rukuni ya farka. Ya auna matsakaicin girman matakan farko, sannan ya sake lantarkin har tsokar ta amsa gaba ɗaya, ya raba babbar amsar da matsakaicin. Ya samu kimanin rukuni 200 a jikin masu lafiya. Dabarar na da rauni, domin rukunoni biyu kan yi musayar farkawa su rikita lissafi, kuma daga baya aka ɓullo da wasu hanyoyi. Amma a ganina tushen nasa ne.

Bayan ya koma jami'ar McMaster a Kanada, binciken da ya buga a 1997 ya nuna masu tsohuwar shan inna suna ci gaba da asarar rukunoni fiye da abin da shekaru kaɗai za su jawo.

Gana ta ga ƙarshen shan inna ta daji a 2008, Afirka kuma aka ayyana ta kuɓuta daga ita a 2020. Waɗanda ta riga ta taɓa suna nan, kuma su ne ya kamata a tura manyan asibitoci irin Komfo Anokye a duba jijiyoyinsu, domin a san ƙafar da za a rage wa aiki da lokacin da ya dace a riƙe sanda.